Yadda Za Ka Shirya Wa Ɗalibai Muhawara Kan Ruwanda: Da Duniya Ta So, Za Ta Iya Hana Kisan 1994?

Da 'yan uwana malaman Gwamnati da na Tarihi nake, musamman wanda shugaban makaranta ya ɗora wa ƙungiyar muhawara ba don ya nema ba. A wata sakandare nake koyarwa a cikin birnin Katsina. Kun san yadda littattafanmu suke yi idan aka zo babin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a ajin ƙarshe. Sai su jero nasarorin Majalisar Ɗinkin Duniya a nan, gazawarta a can, yaro ya haddace "rashin kuɗi" da "hawa kujerar na-ƙi", ya juye a takardar jarrabawa, kafin ya kai Ƙofar Ƙaura ya manta. Ni ƙasa ɗaya nake ɗauka, Ruwanda, in sa su yi ta gardama a kanta har su san ranakun kamar sunayensu. Ga yadda ake yi.

Fara da gyara jigon. Kada ka rubuta a allo cewa "Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaza a Ruwanda", don babu mai musun wannan. Binciken da Majalisar ta sa aka yi da kanta, wanda tsohon firayim ministan Suwidin Ingvar Carlsson ya jagoranta, ya faɗi haka a Disambar 1999. Kwamitin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa ƙarƙashin tsohon shugaban Botswana Ketumile Masire ya ƙara faɗa a 2000. Idan ka ba yara jigon da kowa ya yarda da shi, ɓangare ɗaya zai yi ta ihu, ɗayan ya yi zuru. Abin da nake rubutawa shi ne: "Da gargaɗin da aka samu kafin 6 ga Afrilun 1994, ƙungiyoyin duniya suna da halin hana kisan." A nan ne masu ilimi suka rabu da gaske.

Shimfiɗar tarihin kada ta wuce minti goma. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, Kinyarwanda, galibinsu Kiristoci ne, suna auratayya, tudu ɗaya suke nomawa. Turawan Beljiyam ne suka rubuta ƙabila a katin shaida a shekarun 1930. Tarzomar 1959 ta kori Tutsi da yawa zuwa maƙwabta, 'ya'yansu suka dawo da bindiga daga Yuganda a Oktoban 1990 da sunan ƙungiyar RPF. Gwamnatin Hutu da RPF suka sa hannu kan sulhu a Arusha ta Tanzaniya ranar 4 ga Agustan 1993. Ranar 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin Shugaba Juvénal Habyarimana, kashegari kisan ƙare dangi kan Tutsi ya kankama, ya ɗauki kimanin kwana 100. Ka tsaya nan.

Sai ka sayi kwali da maka, ka samo igiyar shanya ka ɗaura daga taga zuwa taga. Ka yanyanka kwalin kamar tafin hannu biyu. A gaban kowane yanki a rubuta rana da abin da ya faru. A bayansa kuma tambayoyi uku, kuma su ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya: wa ya ji? me ke hannunsa ranar? me ya yi da shi? A tsakiyar igiyar ka ɗaura jan ƙyalle, wato 6 ga Afrilu. Duk wanda ya tashi magana dole ya nuna wane gefen ƙyallen yake nufi, saboda yara suna son cakuɗa biyun, alhali hana wuta kamawa daban, kashe ta bayan ta kama daban.

Katunan hagu da ƙyalle ba su da yawa, amma suna da nauyi. Na farko shi ne rahoton Bacre Waly Ndiaye, lauya ɗan Sanagal, mai binciken kisan gilla na Majalisar. Ya je Ruwanda a Afrilun 1993, a Agusta ya fitar da rahoto cewa ana kashe Tutsi ne kawai don su Tutsi ne, har ya ambaci yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948. Wata takwas ke nan kafin abin ya ɓarke. Na biyu, gidan rediyon RTLM da ya fara watsa shirye-shirye a Yulin 1993, mai kiɗa da barkwanci, mai kiran Tutsi kyankyasai. Na uku ba a Ruwanda ya faru ba, a Mogadishu ne, inda aka kashe sojojin Amurka 18 a ranakun 3 da 4 ga Oktoban 1993. Ka rataye shi daf da na huɗu, ƙuduri na 872 na ranar 5 ga Oktoba, wanda ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya a Ruwanda mai kimanin mutum 2,500 ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada. Kada ka yi bayani. Ka bar yara su ga tazarar kwana biyu tsakanin katunan da idonsu, wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe a tsorace aka kafa ta." Akwai kuma kisan Melchior Ndadaye, shugaban Burundi na farko ɗan Hutu, ranar 21 ga Oktoba, da roƙon da ministan harkokin wajen Beljiyam Willy Claes ya yi a Fabrairun 1994 cewa a ƙara wa rundunar iko.

Kati ɗaya nake ware wa darasi guda sukutum, na 11 ga Janairun 1994. A ranar Dallaire ya aika saƙon faks zuwa hedikwatar Majalisar a Niyok. Wani mai horar da Interahamwe, 'yan daban jam'iyya mai mulki, wanda aka sakaya sunansa da Jean-Pierre, ya zo ya tona asiri. Ya ce an horar da mutum 1,700 a barikokin soja an rarraba su cikin Kigali rukuni-rukuni na mutum 40. Ya ce an umarce shi ya yi rajistar duk Tutsin da ke birnin, kuma yana zargin don a ƙarar da su ne. Ya ce mutanensa za su iya kashe mutum 1,000 cikin minti 20. Ya ce akwai shirin kashe sojojin Beljiyam da ke cikin rundunar Majalisa don ƙasarsu ta janye. Ya yi tayin nuna inda aka ɓoye makamai, in dai za a fitar da shi da iyalinsa. Dallaire ya sanar cewa zai kai samame cikin awa 36.

Amsa ta fito daga sashen kiyaye zaman lafiya da Kofi Annan yake shugabanta a lokacin, da sa hannun mataimakinsa Iqbal Riza. Aka ce samamen ya wuce hurumin ƙuduri na 872, kada a yi. Aka ce a je a shaida wa Shugaba Habyarimana, a kuma sanar da jakadun Beljiyam da Faransa da Amurka. Aka yi hakan. Wato an kai ƙarar makaman ga mutumin da jam'iyyarsa ce take da 'yan daban. Takardar kuwa ba a rarraba ta ga wakilan Kwamitin Sulhu ba.

Ga yadda nake koyar da wannan. Ka jawo benci uku gaban aji. Na farko Kigali ne, ka zaunar da "Dallaire". Na biyu ofishin Niyok. Na uku Kwamitin Sulhu, ka zaunar da yara biyar masu kujerar dindindin, sauran su tsaya a bayansu. Ka ba "Dallaire" takardar, ka hana shi magana da benci na uku sai ta hannun na biyu. Na tsakiyar ka raɗa masa cewa wata uku da suka wuce an ja gawar sojan Amurka a titin Mogadishu, kuma idan sojansa ɗaya ya mutu a samame za a rufe rundunar gaba ɗaya. Sannan ka ce ya yanke hukunci. Sau da yawa yaron da ya gama zagin Majalisa jiya, da ya zauna a bencin tsakiya sai ka ga ya fara inda-inda. Abin da nake so ke nan. Daga ranar ba na sake barin kowa ya ce "Majalisa ta ƙi". Wace Majalisar? Ta filin daga, ta ofis, ko ta ƙasashe masu kuɗi da jirage? Majalisa mai kiran gayya ce da ba ta da fartanya ko ɗaya: ita ce da gona da shela, amma masu fartanya suna gidajensu, in sun ga dama su fito.

Dama da ƙyalle kuma katunan sun fi yawa, ranakun sun matse. Ranar 7 ga Afrilu aka kashe Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam goma, daidai yadda Jean-Pierre ya faɗa, Beljiyam kuwa ta janye daidai yadda aka shirya. Daga 9 ga wata ɗaruruwan zaratan sojojin Faransa da na Beljiyam suka sauka Kigali, ga sojojin Amurka kimanin 300 a Bujumbura, suka kwashe baƙi 'yan ƙasashen waje suka tashi. Ranar 11 ga wata sojojin Majalisa 'yan Beljiyam suka bar wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro inda mutum kimanin 2,000 suka fake, aka kashe mafi yawansu a wunin. Ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 912, ya rage rundunar zuwa mutum 270 ana tsakiyar yanka. Sai 17 ga Mayu aka amince da sabuwar runduna ta mutum 5,500, wadda ba ta kammala isowa ba sai bayan RPF ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli, kisan kuma ya tsaya a tsakiyar watan.

Akwai abin da yaranmu ba su sani ba, kuma yakan sa su miƙe zaune: Najeriya tana cikin Kwamitin Sulhu a 1994, Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilinmu. A tsakiyar Afrilu shi ya gabatar da daftarin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na a ƙarfafa rundunar, bai samu goyon bayan manya ba. Shi da Colin Keating na Niyuzilan da Karel Kovanda na Jamhuriyar Cek su ne suka yi ta matsa lamba. Amma kafin aji ya fara tafi, ka gaya musu ƙuduri na 912 baki ɗaya aka zartar da shi, har da ƙuri'armu. Ka kuma gaya musu Ruwanda kanta tana da kujera a kwamitin a shekarar, jakadan gwamnatin da ke kisan yana zaune yana jin duk abin da ake tattaunawa, babu wanda ya ce ya fita.

Yanzu sai rabon makamai. Kuskuren da malamai suke yi shi ne su ba masu goyon baya duk hujjoji, su bar 'yan adawa da "ƙaddara ce". Ka ba 'yan adawa yaranka mafiya kaifi, ka kuma ba su hujjoji na gaske.

Babbar hujjarsu ta Alan Kuperman ce, wani masani ɗan Amurka. Ya ce kisan ya yi sauri fiye da yadda duniya ta fahimta, an kashe kaso mai yawa cikin makonnin farko. Ruwanda ba ta da teku, babban filin jirginta ɗaya ne, kai runduna mai nauyi can aikin makonni ne. A lissafinsa, ko da Amurka ta tashi da dukan ƙarfinta, waɗanda za a ceta ba za su wuce kimanin 125,000 ba, wato rubu'in waɗanda aka kashe a ƙiyasinsa. Hujja ta biyu, gargaɗi yana bayyana sarai ne bayan abu ya faru. A Janairun 1994 ofishin Niyok yana fama da Bosniya da Somaliya da Angola, saƙonni na tayar da hankali suna shigowa daga ko'ina, kuma Dallaire da kansa ya rubuta a takardar cewa mai yiwuwa tarko ne. Ta uku, a ƙarshen Afrilu ita kanta RPF ta ce lokacin shigowar sojojin Majalisa ya wuce, ba ta so. Yaron da ya riƙe waɗannan ukun ba zai ji kunya ba a gaban kowane alƙali.

Masu goyon baya kuma kada su ɓata lokaci kan tausayi, alƙalai sun riga sun tausaya. Su kama wurare. Dallaire ya ce da yana da sojoji 5,000 masu kayan aiki da izinin amfani da ƙarfi zai iya taka wa abin birki, kuma wani taron manyan hafsoshi da aka yi a Amurka a 1997 ya ga maganarsa tana da tushe, in dai an yi tsakanin 7 da 21 ga Afrilu. Amma hujjar da ta fi wannan ƙarfi a wurina ita ce Butare. Lardi ne a kudu mai Tutsi da yawa, gwamnansa Jean-Baptiste Habyalimana ya hana kisa ya yaɗu kusan mako biyu, ba da wata runduna ba. Sai da aka tsige shi, shugaban ƙasa na riƙo Théodore Sindikubwabo ya je garin ranar 19 ga Afrilu ya zuga mutane, aka shigo da makasa, sannan aka fara gadan-gadan. Ma'ana kisan ba ambaliya ba ne, tura shi ake yi lardi bayan lardi, kuma masu turawar suna waiwayen duniya su ga ko za ta ce uffan. Su haɗa da filin wasa na Amahoro da otal ɗin Mille Collines da asibitin Sarki Faisal, inda 'yan tsirarun sojojin Majalisa suka tsare dubban rayuka da tsayuwa a ƙofa kawai. Yawancin waɗanda suka tsaya ɗin 'yan Afirka ne: sojojin Gana sama da 400 ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho da suka zauna bayan an rage rundunar, da 'yan Tunisiya, da Kyaftin Mbaye Diagne na Sanagal wanda ya yi ta fitar da mutane a motarsa yana ratsa shingayen 'yan daba har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu.

Su kuma tuna cewa ba komai ne yake buƙatar soja ba. An kawo shawarar toshe RTLM, wadda take karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙi, cikin dalilanta har da tsadar jirgin da zai yi aikin, kimanin dala 8,500 a awa. Jami'an Amurka suka yi makonni suna kauce wa kiran abin da sunansa don kada yarjejeniyar 1948 ta hau kansu. Faransa kuwa ita ce ta tsaya wa gwamnatin Habyarimana da sojoji da makamai tun 1990, da ta daka tsawa a Janairu da an ji. Kwamitin masana tarihi da Faransar ta kafa ya ce a 2021 tana da alhaki mai nauyi. Bill Clinton ya je Kigali a 1998 ya nuna nadama, firayim ministan Beljiyam ya nemi gafara a 2000. Duk ihu ne bayan hari, amma a muhawara shaida ce: wanda ba shi da halin yin komai ba ya neman gafara.

Idan ɗalibai suka tambaye ni ra'ayina, sai bayan an tashi nake faɗa. Ni dai ina ganin Kuperman ya yi gaskiya a kan jirage, amma ya amsa tambayar dama da ƙyalle ne, alhali jigonmu na hagu ne. A Janairu ba a buƙatar jigilar kowa, sojojin suna Kigali, izini kawai aka hana su. Ba zan rantse cewa kwace makamai zai hana komai ba, tunda da adda da kulki aka yi mafi yawan kisan. Sai dai masu shirin sun gwada duniya sau da yawa, kowane karo suka ga ba ta motsa ba. Kuma ko a lissafin Kuperman ɗin, mutum 125,000 ba abin da za a ce "kawai" ba ne.

Akwai wurin da za ka yi taka-tsantsan. A ajinmu akwai yaran da iyayensu suka baro Batsari da Jibiya da Safana saboda 'yan bindiga. Ba sai ka fassara musu ma'anar a kai rahoto ba a zo ba. Wata yarinya ta taɓa katse ni ta ce, "Malam, ai mu ma an san za a zo mana." Kada ka tsawata, kada kuma ka bar aji ya koma shari'ar wace ƙabila ce Hutu wace ce Tutsi a Katsina. Na kafa doka tun ranar farko: ba a ambaton wata ƙabilar gida da laifi a zauren muhawara. Ka nuna musu bambancin. A Ruwanda hukuma ce da kanta ta shirya kisan, da sojojinta da gwamnoninta da dagatanta da jerin sunaye. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne tambayoyi ukun da ke bayan kati, da kuma saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp ana kiran jama'a guda da sunan dabba ana cewa a gama da su. Wannan kam nakan tsaya in ce su kwatanta da RTLM, su faɗa min me suke yi idan irinsa ya shigo wayar gidansu.

Wajen alƙaluma, ka hana su ƙari. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 1999 ya ce kimanin 800,000, gwamnatin Ruwanda ta ce sama da miliyan ɗaya, wasu masu bincike sun ce aƙalla 500,000. Duk wanda ya ambaci adadi ya faɗi na waye. Su kuma riƙa cewa an kashe Tutsi ne, tare da Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan.

Ka ajiye kati ɗaya a aljihu don zagayen martani, ka ba ɓangaren da ya fara sanyi. A 2007 Kotun Duniya, a shari'ar Bosniya da Sabiya kan kisan mutum kimanin 8,000 a Srebrenica a Yulin 1995, ta yanke cewa wajibin hanawa yana hawa kan ƙasa ne tun daga lokacin da ta san akwai babban haɗarin aukuwar kisan, ba sai ta tabbatar ba, kuma ana auna ta ne da ko ta yi iya abin da ke hannunta. Masu goyon baya za su ce wannan ya rushe uzurin "ba mu tabbatar ba". 'Yan adawa za su ce hukuncin ya zo shekara 13 bayan Ruwanda, kuma a kan ƙasa yake magana, ba a kan Majalisa ba. Duka biyun suna da abin kamawa.

Alƙalai uku sun isa, ka roƙi malamin Hausa ya zama ɗaya don ya kula da lafazi, tunda da Hausa muke fara yi kafin mu maimaita da Turanci. Rabin maki na rana da suna da adadi daidai ne, sauran a raba tsakanin martani da ladabi. Wanda ya ce "Majalisa" bai fayyace wane benci ba, a cire masa maki ɗaya nan take. Aikin gida kuma ga shi: ranar 22 ga Yunin 1994 Kwamitin Sulhu ya ba Faransa izinin shiga Ruwanda da sojojinta da ƙuduri na 929, Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar tare da Sin da Barazil da Niyuzilan da Pakistan. Kowa ya rubuto shafi ɗaya kan dalilin da zai sa ƙasar da ta yi wata biyu tana roƙon a tura sojoji ta ƙi ɗaga hannu ranar da aka samu mai turawa. A kawo ranar Litinin kafin a shiga aji.